Jar Tawada da Sunaye Arba'in da Ɗaya

Harra ta Yamma, Madina.
12 ga Muharram 1424, Maris 2003.

Zuwa ga ƙanwata Malama Azumi, a Haɗeja.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina miƙo gaisuwa mai yawa daga maƙwabtan Manzon Allah, tare da roƙon Ubangiji Ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da duk wanda ke cin tuwon gidanki. Alhaji Rabo, wanda zai kawo miki ita, ya ce mini ƙafarki ta yi sauƙi har kin koma koyar da matan aure da yamma. Na yi murna ƙwarai, Allah Ya ƙara afuwa. Ya kuma ba ni labarin rasuwar Barau da ambaliyar da ta cinye shinkafar fadama bara. Allah Ya jiƙan Barau, Ya mayar muku da alheri. Cikin waɗanda muka shiga makarantar Midil tare, ina jin yanzu ni kaɗai na rage.

Ni dai ga ni nan, da godiya. Gwiwoyi sun ƙi, hannu yana rawa kamar yadda za ki gani a rubutun nan, idon hagu kuma ya yi yana. Harami sai ranar Juma'a nake iya zuwa. Shekara tara ke nan da rasuwar matata Zuliha, amma har gobe in na dawo daga masallaci sai na yi sallama a bakin ƙofa, sannan in tuna babu mai amsawa. Abincina daga shagon Kunhali yake zuwa, wani mutumin Malabar ta ƙasar Indiya da ke sayar da shayi da kayan masarufi a bakin layinmu. Sauran hira kuma a shagon Mang Endang nake yi, wani tela mutumin Sunda ta ƙasar Indunusiya. Su biyun nan su ne dangina a garin nan, ko da yake ina da ɗan ƙanwa da motarsa ba ta fi tafiyar minti goma zuwa ƙofata ba.

To Azumi, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Tare da takardar nan Alhaji Rabo zai ba ki ƙunshi. Kundi huɗu ne a ciki, masu baƙin bango. Kada ki buɗe a gaban kowa, kada kuma ki ba kowa, sai kin karanta maganata har ƙarshe. Maganar ta shafi ɗanki na fari. Na san ba kya kiran sunansa, kuma ban taɓa jin kin yabe shi ko kin kare shi a gaban mutane ba, haka aka tarbiyyantar da mu. Ni kawunsa ne, babu kunya tsakanina da shi. Muhyiddeen ya cuce ni, kuma ban yafe ba.

Kin san na bar aikin akawu na zo ƙasar nan a 1961. Abin da ban taɓa yi miki bayaninsa sosai ba shi ne aikin da na yi shekara talatin da ɗaya a ofishin ɓatattun alhazai. Mutanen nan duk wanda ya fito daga tsibiran Indunusiya Jawa suke ce masa, duk wanda ya fito daga Indiya Hindi, kamar yadda mu duka Takari ne a bakinsu, da Bahaushe da Babarbare da Bazabarme. Saboda haka in tsohuwa ta ɓata daga ayarinta, sai a kira tafinta mai Malayanci ko mai Urdu, ya yi ta zuba, ita kuwa tana kallonsa kawai, don harshen ƙauyensu daban ne. A 1974 aka kawo mana wata tsohuwa 'yar ƙarama, daga baya na san sunanta Nini Ijoh, daga garin Garut na ƙasar Sunda. Kwana biyu tana riƙe da cikinta tana faɗin kalma ɗaya, babu wanda ya gane. Ta nuna randa ta ce cai, na ba ta ruwa, na rubuta kalmar a bayan takardar ofis. Kafin a gano mutanenta ta rasu a asibiti. Kalmar da take ta faɗi kuwa, nyeri, ciwo ke nan. Daga ranar na sayi kundi.

Ga yadda nake aikin. Kowane shafi na raba shi gida biyar: Hausa, Larabci, Sundanci, Malayalam wato harshen mutanen Malabar, sai gida na biyar a gefe, inda nake rubuta sunan wanda ya ba ni kalmar, da garinsu, da shekarar. Ba na shigar da kalma sai na ji ta daga baki uku. Malaminmu na Larabci a Midil yakan ce maganar da ba a san wanda ya faɗe ta ba tsintuwa ce, mai tsintuwa kuwa ba ya rantsuwa a kanta. Mutum arba'in da ɗaya ne a wannan gefen. Akwai masu shara, akwai direbobi, akwai malamai, akwai wata ungozoma daga Malappuram da ta zauna da ni kwana shida tana koya mini sunayen gaɓoɓin jiki tana dariyar bakina. Fiye da rabinsu sun riga mu gidan gaskiya, wasu suna kwance a Baƙi'a.

Me ya sa waɗannan harsuna biyu? Don su ne suka fi ba mu wahala a ofis, kuma da na jera su sai na ga abin mamaki. Ba 'yan'uwa ba ne ko kaɗan. Sundanci harshe ne mai laushi, gajerun kalmomi, ana rera shi kamar ana rarrashin yaro, kuma tsarin zancensu kamar namu ne, mai aiki, sai aikin, sai abin da aka yi wa. Malayalam kuwa gudu ake da shi. Sukan ɗinke kalmomi huɗu su zama ɗaya, su naɗe harshe zuwa ganɗa, su ajiye aikin a can ƙarshen zance, sai ka jira mutum ya gama kafin ka san ko ya zo ne ko ya tafi. Akwai wani sauti a kalmarsu ta ruwan sama, mazha, da na yi shekara ashirin ina nema, Kunhali ya ce har yanzu in na faɗa kamar ɗan akuya ne ya haɗiyi ƙwallon dabino. Basunde in yana son ya ce yara, sai ya cusa yawan a tsakiyar kalma, budak ya zama barudak. Mutumin Malabar a wutsiya yake liƙawa.

Amma duk da haka za ki ji Basunde ya ce basa, mutumin Malabar ya ce bhasha, duka harshe suke nufi. Wannan ya ce manusa, wancan ya ce manushyan, mutum ke nan. Wuta ta lahira naraka da narakam. Jirgin ruwa kapal da kappal. Shekaru na yi ina tambaya kafin wani malami ya fahimtar da ni cewa aro ne, ba gado ba. Yawancinsu daga wani tsohon harshen Indiya aka ɗebo, wasu kuma fatake ne suka haura da su teku, kamar yadda mu da mutanen Zanzibar duk muke cewa duniya da sadaka ba tare da mun haɗa kaka ba. Abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne ranar da na ga duka biyun suna da ajami irin namu. Tsofaffinsu da harufan Larabci suke rubuta harshensu, suna ƙara ɗigo inda Larabci ya gaza, daidai yadda Baba yake rubuta wasiƙa.

Sai babban bambanci, kuma ki riƙe shi don nan ne zancen yake. Mutumin Malabar yana da ladabi a magana, yana da kai na yaro da ku na babba, kamar mu. Amma Basunde harshensa hawa-hawa ne. Cin abinci kaɗai, in babba ne ke ci, tuang. In kai ne kake ba da labarin naka cin a gaban babba, neda. Tsakanin tsara, dahar. Akwai kuma nyatu, wanda dabba ake faɗa wa, ko wanda ake so a ci wa mutunci. Haka barci, haka tafiya, haka kai da ku. Da na gane haka sai na yi abin da duk wanda ya yi makarantar allo zai yi. Kalmomin girmamawa na rubuta su da jar tawada, kamar wasalin Alƙur'ani, na tsara da baƙa, na cin mutunci kuwa da koriya, don ma'aikaci ya gane su in an zage shi, ba don ya faɗa ba. Ban rubuta bayanin haka a ko'ina ba. Kundina ne, ni na san launina.

A 1996 Muhyiddeen ya zo koyarwa. Wata takwas ya yi a ɗakina kafin matarsa Radiyya ta iso, ni a tabarma, shi a gadon Zuliha. Na ji daɗin zuwansa fiye da yadda zan iya faɗa miki. Na ce Allah Ya kawo mini wanda zai rufe mini ido. Yana zama yana buɗe kundin nan yana cewa, Kawu ai wannan dukiya ce, ai jami'o'i ma ba su da irinta. Bayan shekara uku ya ce in ba shi ya kai a ɗauki hotonsu a inji, a sa a kwamfuta don kada gara ta ci. Na naɗe na ba shi da hannuna. Bayan mako ɗaya ya dawo da su lafiya, daga nan kuma zuwansa ya fara ja baya, daga kowace Juma'a zuwa Salla-Salla.

A watan Sha'aban da ya wuce Kunhali ya shigo da wani ɗan littafi a hannu, ya ajiye a cinyata. Wani kamfani mai hidimar alhazai ne ya buga, yana raba wa ma'aikatan otal da direbobi da masu jinya. Na buɗe, sai ga aikina, shafi bayan shafi, har da kuskuren da na yi a kalmar gwiwa ban gyara ba. A bango an rubuta Duktur Muhyiddeen ne ya tattara ya tsara bayan bincike na shekaru. A gabatarwa ya ce harsunan biyu tushensu ɗaya, ya kafa hujja da kalmomin aron nan, abin da na ɓata shekaru kafin in gane ba haka ba ne. Gida na biyar babu shi. Sunaye arba'in da ɗaya, ko ɗaya bai tsira ba. Ni kuma a can ƙasa an gode wa wani dattijo daga cikin 'yan Afirka mazauna Madina. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Na aika wa ɗanki ya zo. Na tambaye shi ina sunayen mutane. Azumi, da ya sunkuyar da kai ya ce Kawu na yi kuskure, da wannan takarda ba ta zo miki ba. Amma murmushi ya yi, irin wanda ake yi wa tsohon da ya fara ruɗewa. Ya ce in yi haƙuri, ilmi yana da ƙa'ida, mai shayi da tela da mai shara ba sa shiga jerin madogara, za a yi masa dariya. Ya ce ni ma da ya sa sunana, da kamfanin ya tambayi takardar shaidata, ni kuwa Midil kawai na gama. Ya ce ai sadaka ce mai gudana, lada na nan ko da suna ko babu. Na ce masa to shi me ya hana ya bar wa Allah nasa sunan? Ya duba agogo ya ce yana da lacca. Kunhali yana tsaye a bakin ƙofa da kwanon abincina, ya ji komai. Mutumin da ya yi wata takwas yana aiko masa da shayi da gurasar paratha kyauta don yana ɗan ƙanwata.

Yanzu zan gaya miki nawa laifin, don ba na son ki ji daga wani. Ko daren farko ban kai ba, tun a zaman da na fara buɗe littafin na ga abin da ya faru. Injin hoto bai san ja ba, bai san kore ba, komai baƙi yake fitarwa. Ɗanki bai taɓa tambayata dalilin launin ba, ya ɗauka adon tsofaffi ne. Sai ya riƙa ɗaukar kalma ɗaya daga kowane gida, wadda ta fi gajarta, don ma'aikaci ya yi saurin haddacewa. A wurare da yawa koriyar ya ɗauka. Na gani, kuma na yi shiru. Na ce tun da mai shayi da tela ba malamai ba ne, bari duktur ya karantar.

Ranar ta zo a hajjin nan. Wani babban malami Basunde daga Tasikmalaya, tsoho mai ɗalibai dubbai, ya sauka a otal da jama'arsa. Wani ma'aikaci Bamisire, bawan Allah, yana son ya kyautata, ya buɗe littafin ya gayyaci malam cin abinci da kalmar da ake faɗa wa akuya, ya haɗa da kai ɗin da ake faɗa wa ɓarawo. Mang Endang ya ce nan take ɗaliban suka miƙe gaba ɗaya, da ƙyar malamin ya zaunar da su. Ayarin duka ya bar otal ɗin a ranar. Wannan abu ya tsaya mini a rai, don malamin bai yi mini komai ba, ma'aikacin ma haka. Na sa aka kai ni masaukinsa, na durƙusa da gwiwoyin nan nawa, na ba shi haƙuri da harshensa, da kalmomin jar tawada tun daga farko har ƙarshe. Ya riƙe hannuna ya tambayi wanda ya koya mini. Na fara lissafa masa sunaye. Da na zo kan wani direba mutumin garinsu da ya rasu a 1988, sai ya ce ai ɗan ƙanin mahaifinsa ne. Mun yi kuka tare. Wannan shi ne abin da ɗanki ya ce ba ya shiga littafi.

Kamfanin ya kira Muhyiddeen, sai a lokacin ya gane amfanin launin. Maimakon ya faɗi gaskiya, sai ya ce maɗaba'a ce ta ɓata masa aiki, asalin kundinsa daidai yake, har da launi. Suka ce to madalla, ya kawo asalin kafin watan Rajab a sake bugawa, in ba haka ba za su kai maganar inda yake koyarwa. Kin san a ƙasar nan aiki da iƙama, wato takardar zama, igiya ɗaya ce ta ɗaure su. Sai ga shi a ƙofata sau huɗu cikin mako biyu, da tuffa da zuma da maganin gwiwa, Kawu kaza, Kawu kaza. Ya ce aron mako ɗaya kawai. Na san abin da zai yi, zai kwafe da hannunsa da biro mai launi uku, ya bar gida na biyar. A zuwa na huɗu na fita alwala na dawo na same shi yana leƙa ƙarƙashin gadona. Ni tsoho ne, makullina ɗaya, kuma in na faɗi gobe shi za a kira ya kwashe kayana. Shi ya sa kundayen suka bar Madina.

Na yi tunanin in ba Kunhali ajiya, ko in ƙone su in huta. Sai na ga babu hukuncin da ya kai ya zo ya durƙusa a gabanki. Ranar da Alhaji Rabo ya tashi zan gaya wa Muhyiddeen inda suke. Zai bugo miki waya, zai ce Kawu ya tsufa ya rikice, zai ce 'ya'yansa za su rasa makaranta. Kada ki yi magana da shi ta waya. Ya hawo jirgi ya zo Haɗeja, ya zauna a ƙasa, ya gaya miki da bakinsa abin da ya yi, ba tare da ya gyara ba, ke kuma ki gwada da abin da ke takardar nan. Ko bayan haka kada ki miƙa masa. Sai ya dawo nan ya shiga shagon Kunhali da rana tsaka, lokacin da direbobi suke cike, ya nemi gafararsa, ya yi haka a shagon Mang Endang. Sai ya rubuta wa kamfanin cewa aikin ba nasa ba ne, kuma za a buga sunayen nan arba'in da ɗaya da garuruwansu, na Nini Ijoh a farko. Nawa ya sa a ƙarshe ko ya bari, wannan ya rage nasa. In ya cika, zan aiko miki da takarda da hannuna, sannan ki ba wanda ya kawo ta. In jirgi biyu ya yi masa yawa, ni ma shekara talatin ta yi mini yawa.

Na san abin da nake ɗora miki. Ke uwa ce, kuma wanda ba a kiran sunansa shi ya fi zama a zuciya. Kina iya ba shi a ɓoye, ba zan sani ba. Amma amana ce na ba ki, ba tawa ni kaɗai ba, ta mutanen da ba su da bakin magana yanzu. Na kuma bar wasiyya a hannun limamin unguwarmu: in na mutu bai cika ba, kada ya wanke ni, kada ya kama makarata. Mai shayi da tela sun isa. Mutuwata kuma ba ta warware sharaɗin, takardar za ta zo miki daga Kunhali da hatimin shagonsa, ko kuma ba za ta zo ba har abada, ki bar wa jikokinki kundin su san kawun ubansu ya yi wani abu a duniya.

Ki gaishe mini da Haladu da iyalinsa, da Sabiru da amaryarsa, da Hibatullahi mai sunan Inna, a ce mata dabinon ajwa da ke saman ƙunshin nata ne. Ki yi wa iyalan Barau ta'aziyya a madadina. Radiyya da yaranta suna lafiya, ba su da laifi, ina sa su a addu'a kullum. Ke ma ina sa ki, a Rauda in na samu shiga. Shi kuwa ban roƙa masa sharri ba tukuna. Ina jira zuwa Rajab.

Wassalam. Yayanki,
Khalilu Jumare.